Kukan Motar da Inna Misao Ta Sani

Fuchu, gefen Hiroshima
Farkon Afrilu

Zuwa ga Norie,

Gaisuwa mai yawa. Itatuwan bakin kogi sun yi fure a nan, ina fata sanyi ya sake ku a Yonago. Yaya mijinki Kengo, yana tudu ko yana teku? Yaya aikin kicin ɗin makaranta? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da kunne. Kunnen kuwa sashen buga ƙarfe na kamfaninmu na motoci ne ya cinye rabinsa, shi ya sa nake rubutu maimakon in buga waya.

Kada ki yi mamakin wasiƙata. Ni da marigayiya mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, amma na san ni da ke ba ma haɗuwa sai a biki ko makoki. A taron tunawa da ita na watan jiya ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin buɗe jaka za ki sallami mai tasi, sai na hango lasin tuƙinki mai zanen zinariya, irin wanda ake ba direban da ba ya laifi. Na tambayi Kengo, ya ce tun da ya san ki haka lasin yake, bai taɓa sauka daga zinariya ba. Yana faɗa yana dariya, ban ga abin dariya ba. Shekara ashirin da ɗoriya ba tara, ba karo. Ni da na ƙera mota da hannuna ban iya haka ba.

Ga maganar. Likitan ido ya ce ganina yana tsukewa ta gefe, kuma ba zai dawo ba. Na yanke shawarar mayar da lasina ga 'yan sanda kafin ƙarshen shekara. Titin unguwarmu ƙunci ne, yara kuma suna bin sa zuwa makaranta.

Kin san Innarki Misao tana gidan kula da tsofaffi can kan tudu gaba da Kabe, tun da mantuwa ta yi mata yawa. Duk Lahadi nake zuwa a koriyar motata. Injinta irin wanda kamfaninmu kaɗai ya nace a kansa ne, ba fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, kukansa bai yi kama da na kowace mota ba. Ma'aikatan gidan sun ce da zarar motar ta kama hawan tudun, Misao sai ta ɗaga kai ta ce, "Ya dawo," ta hau gyara gashinta. In na shiga, ta san ni. Sau ɗaya motar tana gareji na je a bas. Ta rusuna mini, ta tambaye ni wa nake nema.

Ɗanmu Takuro yana masana'antar kamfani a Tailan, sai sabuwar shekara yake zuwa. Maƙwabtana duk tsofaffi ne irina, jikokinsu kuma ba su taɓa taka kuloci ba. Saboda haka nake roƙonki, ko sau ɗaya a wata, ki hawo bas ki kwana a nan ranar Asabar, ki kai ni wurinta a motar ranar Lahadi. Na san tafiyar da nisa. Amma ba zan ba kowa sitiyarin nan ba sai wanda na yarda da hannunsa.

Naki,
Okimoto Shigeharu

*

Yonago
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga Kawu Shigeharu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin ganin rubutunka, na kuma yi juyayin labarin idonka da na Inna Misao. Mu duk lafiya. Kengo yana cikin jirgin kamun ƙaguwa, ya kan leƙo gida kwana biyu ya koma. A makaranta an ɗauki sababbin yara, muna fama da masu ƙin cin kifi.

Kawu, wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yaga. Ban san yadda zan faɗa ba tare da na ji kunya ba, sai dai in faɗa kai tsaye. Lasina na zinariya ne saboda ba na tuƙi. Ba a kama ni da laifi ba don ba a taɓa ganina a kan titi ba.

Na ci jarrabawar tuƙin ne bayan na gama sakandare, don Baba ya ce ba mai ɗaukar ma'aikaci marar lasin. Shi ya dage sai na koyi mai giyar hannu. Sati ɗaya bayan nan na ɗauki ƙaramar a-kori-kurarsa zan je kanti, na yi kwana a bakin gonar shinkafar maƙwabta, tayar baya ta faɗa magudanar ruwa. Maza suka taru suka ɗago ta, mata suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Na duba littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum na wannan shekarar, abin da na rubuta a ranar layi ɗaya ne: keke ma abin hawa ne. Tun daga nan keke nake hawa. In lokacin sabunta lasin ya yi, in je in zauna a saurari ɗan jawabi, a yaba mana mu masu zinariya, a miƙo mini sabo. Ina nuna shi ne a gidan waya da asibiti in an nemi shaida.

Dariyar Kengo ke nan. Yakan ce wa abokansa, "Matata ce gwanar direbobin jihar nan, ko sauro ba ta taɓa kaɗewa ba." Da na karanta masa wasiƙarka ya daina dariya, ya ce da ya sani da ya yi maka bayani a ranar. Ya ce shi da kansa zai so ya kai ka, amma teku ba ta san Lahadi ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na tuna Inna Misao a bikin aurenmu, ita ce ta lura ɗamarar rigata ta matse ni, ta ja ni bayan labule ta sassauta mini ba tare da kowa ya sani ba. Ba na son ta zauna tana jiran kukan da ba zai zo ba. Amma kai ka ajiye tuƙi ne don kada ka cuci yaran mutane, ni kuwa in na hau titin nan naku, na fi idonka haɗari. Ban ma tabbata na tuna wanne ne birki ba sai na kalli ƙafata.

Ba zan iya sa ka a mota in tuƙa ba, Kawu. Ka gafarce ni. Ko makanikenka ba shi da wani amintacce da zai iya?

'Yarka,
Adachi Norie

*

Yonago
Ƙarshen Yuni

Zuwa ga Kawu Shigeharu,

Ina gaisuwa. Damina ta kankama a nan, shanya ba ta bushewa. Ina fata laimar ba ta tayar maka da ciwon gwiwa ba. Ga kwalba ɗaya ta ƙananan albasa da na jiƙa a ruwan tsami, na bana ne, a ajiye a inuwa.

Ban ga amsarka ba. Na san ba dole ba ne a amsa wasiƙa irin waccan, amma kullum na dawo daga aiki sai na buɗe akwatin ƙofa, wani lokaci sau biyu. Na sake karanta kwafen da na ajiye, na ga kamar na cika ta da labarin kaina da barkwancin Kengo, alhali kai magana mai nauyi ka kawo. In na ɓata maka rai ne, ka faɗa mini, zan ɗauka. Na buga waya ranar Talata ba a ɗaga ba, na ce wa kaina kunne ne, sai kuma na kasa barin tunanin ko ba kunne ba ne.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Yaya Inna?

Norie

*

Fuchu
Farkon Agusta

Norie,

Na gode da albasa, na cinye rabi. Zafi ya yi yawa, amma ina shan ruwa. Ban yi fushi da ke ba. Da na karanta zancen zinariyar na yi dariya ni kaɗai a kicin har na ƙware. Wautata ce. Na yi shiru ne don ba ni da labari mai daɗin rubutawa.

A watan Mayu ina fitowa daga layinmu, wata mata ta taho ta hagu da keken jariri. Ban gan ta ba sai da ta daki gilashina da hannu. Ba abin da ya sami kowa. Washegari na hau bas na kai lasina ofishin 'yan sanda. Wani ɗan sanda sa'an jikana ya karɓa da hannu biyu, ya ce na sha aiki. Tun daga nan a bas nake zuwa wurin Misao. Tana karɓata da kyau. Tana ba ni kujera, tana tambayata ko daga ofishin gunduma nake. Makon jiya ta ce mini, "Maigidana bai dawo ba tukuna, in saƙo ne ka bar mini." Na ce zan dawo wani lokaci.

Na tambayi makanikena kamar yadda kika ce. Ba shi da kowa, shi kansa kuma ya girme ni da shekara ɗaya.

Wataƙila ba ki san dalilin da kukan nan ya zauna mata a kai ba. Mahaifina ya shiga kamfanin tun ana tuna lokacin da toshiyar kwalba suke yi, kafin su koma ƙera 'yan motocin kaya masu ƙafa uku. Ranar da aka jefa bam, tudun da ke tsakaninmu da gari ne ya kare masana'antar. Watanni kaɗan bayan nan suka ci gaba da ƙera masu ƙafa ukun nan, su suka kwashe ɓaraguzan Hiroshima. Ni na shiga ina saurayi. Da man fetur ya yi tsada a duniya, mutane suka guji injinmu suka ce shan mai gare shi, motoci suka cika fili ba mai saye. Maimakon a sallame mu, sai aka tura mu 'yan masana'anta ko'ina a ƙasar nan mu sayar da mota gida-gida. Ni da ban iya ko gaisuwar kirki ba aka ɗaura mini laktaye aka tura ni Yonago. A ɗakin bayan gidan kakarki na zauna, mahaifiyarki tana 'yar budurwa tana yi mini dariya in na dawo ban sayar da ko madubi ba. Sau ɗaya a wata nake tsallako duwatsu in zo gida, a wata mota mai irin wannan injin. Babu waya a gidanmu lokacin. Misao tana goye da Takuro, ba ta san ranar zuwana ba, sai dai ta kasa kunne. Da kamfani ya farfaɗo na sayi koriyar nan, ita ta zaɓi launin.

Yanzu motar tana zaune a rumfa, irin injin nan kuwa zama na kashe shi. Wani mutum daga Nagoya mai tara tsofaffin motoci ya daɗe yana bibiyata. Na ce masa ya zo da motar ɗauka bayan bikin ziyarar kaburbura. Na wanke ta ciki da waje, na yi mata godiya. Zai kula da ita fiye da ni.

Kada ki sa abin a ranki. Kin faɗi gaskiya, na kuma gode.

Shigeharu

*

Yonago
Ranar da wasiƙarka ta iso

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, lafiyarmu lau. Na aiko wannan ta saƙon gaggawa. Don girman zumunci kada ka ba mutumin Nagoya motar nan.

Laifina ne. Na rufe maka ƙofa a takarda, alhali a raina ban rufe ba. Tun bayan hutun farkon Mayu nake zuwa makarantar tuƙi duk Asabar, ajin masu lasin da suka manta. Ban faɗa maka ba don ina tsoron in sa maka rai in kasa. Na ce sai ranar da na tabbata. Ban yi tunanin kai ma kana yanke taka shawarar a can ba, ni da nake ganin ina tsara komai.

Mota ɗaya ce mai giyar hannu ta rage a makarantar, sai da aka share mata ƙura. Mai koya mini wata dattijuwa ce, Malama Kadowaki, gajeriya, tana ɗora matashi kafin ta zauna. Ranar farko ta karɓi lasina ta juya shi ta ce, "Kai, zinariya. Yau ni zan koya a wurinki." Motar ta mutu mini sau huɗu kafin mu bar bakin ofis. Ta ce, "Adachi, kulocin nan ba kunama ba ne, ki daina fizge ƙafa." Na ce ina tsoro. Ta ce, "Ni ma ina tsoro, ni ce a gefenki."

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban zama gwana ba. Na iya tashi, na iya tsayawa, na shiga gari har tashar jirgin ƙasa na dawo. Ribas har yanzu addu'a ce. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tayar da mota a tsakiyar hawa, ta yi ta silalewa baya. Na gaya wa Malama Kadowaki labarin tudun Inna, sai ta daina zolaya ta, ta ce daga yau ba mu da aiki sai hawa. Asabar ɗin da ta wuce na tayar sau uku a jere ba ta silale ba. Da Kengo ya dawo ya ba ni a-kori-kurarsa na zagaya filin tashar jiragen ruwa, yana tsaye can nesa a bayan tarin akwatunan kifi wai don ya fi gani.

Malama ta ce zuwa tsakiyar Satumba za ta iya sakina ba tare da ta kasa barci ba. Ko za ka iya jira? In ka riga ka ba da kalmarka ga mutumin, ka ba ni adireshinsa in rubuta masa da kaina, in ba shi haƙuri.

Norie

*

Fuchu
Tsakiyar Agusta

Norie,

Na sami taki. Lafiyata ƙalau, na ma fi ranar da na rubuta waccan. Na share kabarin iyayena jiya.

Ke da mahaifiyarki halinku ɗaya, sai kun gama dafa abinci kuke tambaya ko akwai mai jin yunwa. Na rubuta wa mutumin Nagoya. Ya amsa da kirki, ya ce mota gara tana tafiya da a ce tana ɗakinsa, amma kada in yar da lambarsa.

Kullum da safe yanzu ina tayar da ita a rumfa in bar ta ta yi ɗumi. Wannan ba ya buƙatar lasin. Ba na jin kukanta sosai, a kujera nake jin sa. Ga abin da za ki riƙe. Injin nan ba ya son a tayar da shi a kashe nan take yana da sanyi, sai ya yi fushi ya ƙi tashi. Ba ya kuma son a lallaɓa shi. Duk abin da malamarki ta koya miki na taka totur a hankali daidai ne, amma wannan sai an ɗan matsa masa. Kada ki ji tausayinsa.

Ki zo Asabar ta biyu a Satumba. Akwai filin wani kanti da ya rufe a ƙasan unguwa, makanikena zai sauko mana da ita can ki saba da ita. In Kengo ne zai kawo ki a waccan a-kori-kurar tasa ta wani kamfani, ya ajiye ta a ƙasan tudu ya hawo da ƙafa. Duk layinmu 'yan fansho ne na masana'anta, ina da sauran mutunci.

Abu ɗaya nake so ki sani tun yanzu. Rabon Misao da jin motar nan tun Mayu. Ma'aikatan sun ce abin da ya tafi a irin ciwon nan ba kullum yake dawowa ba. Yana yiwuwa mu hau tudun nan ta ba mu kujera mu biyu ta tambaye mu daga ina. In haka ta faru, ba tuƙinki ba ne.

Shigeharu

*

Yonago
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga Kawu Shigeharu,

Bayan gaisuwa. Na iso gida lafiya, bas ɗin bai yi latti ba. Cinyata ta hagu tana ciwo kamar na yi noma. Ina fata kai ma ka huta. Na gode da masauki, da miyar kawar teku da ka dafa.

Na zauna zan rubuta ranar Lahadi a littafina, sai na ga ban san yadda ta ƙare ba, ko da yake ina wurin. Bari in faɗa maka abin da na gani, kai kuma ka cika mini.

Da safe da na liƙa alamar sabon direba a bayan motar, na so in cire taka ta tsofaffi, ka ce in bar ta, duk biyun gaskiya ne. Ina ganin su suka cece mu. A fitilar gadar nan da motar ta mutu mini, babbar motar da ke bayanmu ba ta ko danna hon ba, na ga direban a madubi ya ja baya ya ba mu fili kamar mai gudun tukunyar da za ta fashe. A gidan mai kuma ba ka ji abin da dattijon nan mai hula ya ce ba. Ya zagaya motar yana shafa ta da ido, ya ce shi a sashen kujeru ya yi aiki, ya leƙa ya ce, "Wannan ɗinkin namu ne, ko zare bai saki ba." Sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, riƙe ta da kyau." Na ce to.

Har muka wuce Kabe ban ga komai ba sai farin layin titi. Ka yi ta nuna mini wurare da hannu, ina cewa na gani, ban gani ba. Da muka iso gindin tudun na sa giya ta biyu ina lallaɓawa yadda na saba, motar ta fara kakkarwa. Na tabbata za ta mutu a tsakiyar hawan, a ƙarƙashin tagoginsu. Ka buga gwiwarka ka ce, "Taka." Na taka. Ka ce, "Ƙara, ba ta ji ba." Ban san motar kake nufi ba ko Inna. Na rufe baki na danna, injin ya ɗauki wani siririn kuka mai hawa sama wanda ban ji irinsa ba ko a filin kantin, har gashin hannuna ya tashi.

A bakin ƙofa ka ce in tsaya, ka fita, ka bar ni da yin fakin. Duk motocin wurin da baya suka shiga, na ji kunyar in shiga da gaba. A cikin ribas na farko na hango ƙofar gilashi ta madubi, da wata ƙaramar mata riƙe da abin dogarawa, wata ma'aikaciya na biye da ita. Na ga ka nufe ta. Sai na karkace, na sake fita, madubin ya juya, ban ƙara ganinku ba. Ban san sau nawa na shiga na fita ba. Wani mai kawo kayan wanki ne ya tausaya mini ya tsaya yana yi mini nuni da hannu.

Da na shigo kuna zaune, kanka a sunkuye. Inna ta rusuna mini sosai, ta tura mini farantin alewa, ta ce, "Kin sha wahala da shi, yi haƙuri." Ba ta san ni ba, ban kuma yi tsammanin haka ba. Amma na kasa gane ko da kai take, ko irin maganar da take yi wa kowane baƙo ce. Ma'aikaciyar tana ta rufe baki da hannu, ban san dariya ce ko kuka ba. A hanyar dawowa ka juya fuskarka ga taga ba ka ce komai ba. Ni kuma ba na iya ɗaga murya yadda za ka ji ba tare da na ɗauke ido daga titi ba. Da muka isa gida lokacin bas ya matso.

Kawu, ta san ka? In ba ta san ka ba ma ka faɗa mini. Zan sake zuwa ko yaya ne, na riga na nemi hutun Asabar ta biyu a Oktoba.

'Yarka,
Norie

*

Fuchu
Ƙarshen Satumba

Norie,

Gaisuwa. Iska ta fara sanyi da safe. Ki shafa wa cinyar mai, za ta saba. Motar lafiya, na duba ta ko'ina, ba ki goge ta da komai ba.

Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Da na buɗe baki a hanya da kin ga abin da bai kamata direba ta gani ba tana kan gangara.

Da na fita, Misao tana bakin ƙofa, ta riga ta gyara gashi. Ba ni take kallo ba, motar take kallo, ke kuma kina mazaunin direba. Sannan ta dubi ƙofar hagu, ta fasinja, da na fito ta cikinta. Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɓata fuska. Ta ce, "Baban Takuro, da rana tsaka?"

A duk zamanmu ba ta taɓa ganin na sauko ta ƙofar hagu ba sai in an yi walimar ƙarshen shekara a masana'anta, na sha fiye da ƙima, wani ya tuƙo ni gida. Ta ce ba ni da kunya. Ta ce dubi yadda na sa 'yar mutane wahala, yarinyar ma da gani ba ta iya ba, tana ta kai da komo. Ta ce in matso, ta shinshina rigata, ta ce na ci alewar na'ana'a don in ɓoye, ta san dabarata. Ta kama hannun rigata ta ja ni ciki tana faɗa har muka zauna, ba ta saki ba sai da kika shigo.

Ban sani ba ko wata mai zuwa za ta sake sanina. Ma'aikatan ma ba su sani ba.

Rabona da giya tun kafin ta kwanta ciwo. Amma na sunkuyar da kai na ba ta haƙuri, na yi mata alkawari ba zan ƙara ba. Ki zo da wuri ranar Asabar ɗin, mu ɗan taɓa ribas. Ranar Lahadi zan sake saukowa ta ƙofar hagu, in karya alkawarin.

Kawunki,
Shigeharu